Tsohuwar 911 ta sojoji: tana tashi, ta yi ɗan aiki, ta mutu. Ina neman shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ba makanike ba ne, malamin makaranta ne a cikin garin Katsina, sha'awar tsofaffin motoci ce kawai ta kama ni. Na sayi Mercedes 911 ta sojoji hannun wanda ya same ta a gwanjo, mai ja da ƙafa huɗu, injinta OM352 mai silinda 6. Ta daɗe a ajiye, har ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Na sauya baƙin mai da filta, na sa batura sabbi guda biyu.

Da safe sai na matsa ɗan famfon hannu na jawo mai sannan ta tashi. Ta yi sulo lafiya na ɗan lokaci, sai murya ta fara rawa, totur ya ƙi amsawa, ta mutu. In na sake matsa famfon ta sake tashi. Wani makanike wajen Ƙofar Ƙaura ya ce injekta ce, wato famfon da ke raba wa silindoji mai, a kwance a kai Kano. Kuɗin da ya faɗa ya sa na ce bari in ji ta bakin manya. Sannan batir ɗaya kullum yana sanyi, ɗayan garau.

Tsohon direban babbar mota, Daura:
Wa alaikumussalam. Malam, kada ka bari a taɓa injektar nan tukuna. Injektar da ta lalace ba ta jin magani don an matsa famfon hannu. Motarka iska take sha, ko kuma gas ba ya isowa. Ka samo jarka mai tsabta ka zuba gas mai kyau, ka cire tiyon da ya taho daga tanki ka tsoma wani daga fil-famfo, wato famfon da ke tsotso mai daga tanki, zuwa cikin jarkar. Tiyon da ke mayar da ragowar mai shi ma ka juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba kafin ka ankara ta ƙare, man ya koma tanki. In ta yi ta aiki a haka ba ta mutu ba, to ciwon yana tsakanin tanki da famfo, ka huta da zuwa Kano.

Mai gyaran injin gas:
Abin da Baba ya faɗa shi ne. In ƙara da wurin da ake yawan mantawa. Ƙarƙashin fil-famfo akwai ɗan kofi mai rariya a ciki, wasu na gilashi ne, waya ce da noti ke riƙe shi. Robar bakinsa in ta bushe ba za ka ga ɗigo ko ɗaya ba, domin ɓangaren tsotso ne, iska ke shiga, mai ba ya fita. Shi ya sa mutane ke cewa "ai na duba ba yoyo". Kwance shi ka gani, na tabbata za ka tarar da baƙar laka da ruwa a gindinsa. Shi kansa famfon hannun, in tsohon samfuri ne da ake murɗewa, sai ka danna shi ƙasa ka ɗaure bayan ka gama, kuma idan ya tsufa ta nan ma yana shan iska. Sabonsa ba tsada. Washar jan ƙarfe da ke kan kusoshin bututu kuwa kada ka mayar da tsofaffi, sun riga sun kwanta. Ka sa guntun farin tiyo da ake ganin ciki kafin filta, ka zuba ido. Kumfa in tana wucewa za ka gan ta jere kamar carbi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Kofin yana nan, ban taɓa buɗe shi ba. Tankin fa, sai na sauke?

Tsohon direban babbar mota, Daura:
Sauke shi ɗana, ba makawa. Gas in ya shekara a ajiye ruwa yake tarawa a ƙasa, ga tsatsa. Amma kafin nan, in ta mutu ka yi maza ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fuu", hucin murfin ne ya toshe. Na taɓa ganin wadda tsumma ne ke yawo cikin tanki, ya manne bakin bututu ta mutu, ya saki ta tashi, an kusa sauke inji a banza.

Mai rewaya:
Maganar batir tawa ce. Wutar motar nan volt 24 ce, batura biyu masu volt 12 aka jera. Ranka ya daɗe ka leƙa ko an ja waya daga batir ɗaya an ba rediyo ko cajar waya wuta. In haka ne wannan ɗayan ake tatsa, altaneta kuma ba ta iya raba musu caji, ɗaya ya yi ta sanyi ɗayan ya yi ta dahuwa. A cire wayar, a sa na'urar da ke sauke 24 zuwa 12. Ka caja kowanne daban har ya cika kafin ka mayar. Kuma a daina niƙa kik ana ta yi, ka ba ta hutu tsakani.

Wani ɗan uwa:
Mu dai a da tsumma muke jiƙawa da fetur mu kanga a bakin iska, take take tashi.

Mai gyaran injin gas:
Don Allah a bar wannan. Ai ba tashi ne matsalarsa ba, zama a kunne ne. Kuma injin gas da fetur ta bakin iska, ringi da fistin ke biyan kuɗin.

Wata 'yar uwa, ma'aikaciya:
Duk kuna ta inji, ba wanda ya tambayi launinta. Malam, in har yanzu koriyar soja ce, akwai dokar da ta hana farar hula amfani da wannan launi a mota. Ga halin da ake ciki a jihar nan, ka hau hanyar Jibiya ko Batsari da ita a haka, a shingen farko za a sauke ka. A kankare lambobi da tambarin soja, a yi mata fenti, takardar gwanjo da ta cinikinku su kasance a hannu kafin rajista.

Tsohon direban babbar mota, Daura:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma kada daɗin tashinta ya sa ka fita titi ba ka duba birki ba. Robobin sun bushe, man birki ya tsufa, tukunyar iska ma ka zubar da ruwan da ta tara. Kaya ba za su yi maka wuya ba, an haɗa irinta a Inugu, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu.

Mai tambaya:
Na gwada jarka yau bayan la'asar, ta yi ta aiki har na gaji na kashe ta da kaina. Robar kofin ta tsage gida biyu, kuma akwai wayar rediyo a kan batir ɗaya kamar yadda aka ce. Asabar zan sauke tanki in Allah ya yarda. Wa ya san mai fentin manyan motoci mai sauƙin kuɗi a cikin gari?