Baba na zaton da maganin Yaya zan dawo

Maryama, Garwa: Salamu alaikum. Na gama digiri na biyu a Ngaundere, kuma wani ɗakin bincike a Jamus ya ba ni gurbin digirin dakta. Aikin shi ne ƙera sunadaran da ake sa wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera, a kunna su ko a kashe su da haske, don gano hanyoyin da ke rikicewa a ciwon damuwa. Yayana kuwa shekara shida ke nan yana fama da taɓin hankali. An sha rubutu, an yi turare, yanzu yana kan ƙwayoyin asibiti. Baba ya amince in tafi ne don yana zaton da magani zan dawo, har ya faɗa wa limaminmu. In gaya masa gaskiya, ko in ja bakina?

Dakta Ali, Marwa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaya masa. Karl Deisseroth da ya fito da dabarar a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2005 shi kansa likitan masu taɓin hankali ne, amma marasa lafiyarsa ba da haske yake musu magani ba. Daga gansakukar ruwa aka samo sunadarin, ƙwayar bairos ke kai umarnin ƙera shi ƙwaƙwalwa, sannan a huda ƙoƙon kai a dasa zaren da zai kai shuɗin haske. Wa zai yi wa ɗan Adam haka da garaje? Nasarar da aka bayyana a 2021 a ido ce, wani makaho ya soma ganin abubuwa dishi-dishi.

Hajiya Falmata, Njamena: 'Yata, kada ki tare Babanku ke kaɗai. Ki tafi da kawunki bayan la'asar, shi ya buɗe zancen.

Sani, Kuseri: To in ɓera ne kawai, mene ne amfanin wahalar?

Dakta Ali: Malam Sani, mai gyaran lantarki ba ya fasa gida duka, wayar da ta ƙone yake nema. Magungunanmu na yanzu duk ƙwaƙwalwa suke bi, shi ya sa ake samun rawar hannu da yawan barci. Maryama, kafin ki tashi, wa zai riƙa karɓo wa Yayanku magani duk wata?

Maryama: Ni ce ke karɓowa, Dakta. Wallahi ban ma yi wannan tunanin ba. Bari in kira Kawu tukuna.