Mayar da littafi fim: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa kan yadda ake mayar da littafi fim, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada darakta ya yi kwaɗayin cusa kowane shafi cikin fim. Ya nemi ƙashin bayan labarin, sauran ya haƙura.

An buga misali da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. A littafin, Shaihu ne ke magana da bakinsa, yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Kyamara kuwa ba ta son dogon bayani, sai dai ta nuna ayarin raƙuma cikin Sahara da idon uwar Shaihu da ke neman ɗanta. Nan, a ganina, aka fi yin gaskiya.

An kuma ja kunne kan sutura: kada a hango agogon hannu a zamanin cinikin bayi.