Barcin hunturu ko lafawar hunturu?

Malaman kimiyya da masu fassara, ku taya ni duba wannan. Kalmar Turanci hibernation, wato halin da wasu dabbobi ke shiga su kwanta shiru tsawon lokacin sanyi, kusan kowa "barcin hunturu" yake ce mata. Ni ma haka nake faɗa a da, amma yanzu raina bai kwanta da ita ba.

Abin ba barci ba ne. Akwai wani kurege a jihar Alaska ta Amurka da ke shigewa rami wata 7 zuwa 8. A 1989 Brian Barnes na Jami'ar Alaska ya bayyana cewa zafin jikinsa kan sauka har digiri 2.9 ƙasa da sifili, ƙasa da inda ruwa ke zama ƙanƙara, kuma jininsa bai daskare ba. Duk bayan mako biyu ko uku sai ya kama karkarwa, jiki ya ɗumama, ya yi barci na gaske na wasu sa'o'i, sannan ya koma. Dabbar da sai ta fito daga wannan hali kafin ta samu barci, ta yaya za a ce barci take yi?

Wani zai ce "doguwar suma". Wannan ta asibiti ce, cuta ce, mu bar wa likitoci abarsu. "Likimo" kuwa da wayo ake yinsa, mai shi yana jin duk abin da ake yi.

Ni dai "lafawa" na zaɓa. Wuta ta lafa, ba ta mutu ba: garwashi na nan ƙarƙashin toka, da safe a tona a hura ta tashi. Haka jikin yake yi. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, kitsen da aka tara da kaka ya riƙa ƙonewa kaɗan-kaɗan. Kuma kalmar tana karɓar mataki. Beyar ɗan lafawa take yi, zafin jikinta bai sauka sosai, har macen kan haihu a kogo tsakiyar sanyi. Kuregen can kuwa ya lafa ƙwarai.

Ga wata riba: gaiwarmu. Idan fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta jira damina. Nata sai mu ce "lafawar rani", na can "lafawar hunturu".

Sai a kula da dabbar Amurka da ake kira gofa. Kada kamar suna ta sa a ce mata gafiya. Gofa ta ainihi, mai aljihu a kumatu, ba ta lafawa sam, tana ta haƙa tana cin saiwoyi ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa. A jihar Minesota ta Amurka ne suke kiran wani kurege mai zane-zane a baya da wannan suna, shi ne mai lafawar.

Masunta da masu haƙar gaiwa, idan akwai kalmar da kuka gada wurin iyaye kan wannan zama nata cikin laka, ku kawo, ita ce gaba da tawa.