Bindigar gasa mai matsakaicin farashi ta isa, ko sai irin ta zakaru?

Malam Nasiru, Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce wadda ake yawan jefa wa duk wanda ya nuna sha'awar wasan harbin bara da ƙaramar bindiga, wato wai idan ba zai iya mallakar irin wadda zakarun duniya ke riƙewa ba, gara ya haƙura. Ban yarda da haka ba, kuma ga hujjata. A gasar bindigar iska ta mita 10, wadda ta shiga Olamfik tun 1988, ana yin harbi 60 cikin minti 75, a tsaye, da hannu ɗaya, kuma da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Idan aka ɗaure bindiga irin Hämmerli AP20 a kan teburin gwaji yadda ba za ta motsa ba, ƙwayoyin dalmar za su yi ta faɗawa kusan a rami guda, wanda bai kai faɗin wannan da'ira ba. Ashe ke nan duk harbin da ya kauce daga hannu ya fito, ba daga ƙarfe ba. AP20 ba ta kai Yuro 1,000 ba, alhali Steyr evo 10 da Morini CM 162EI da Feinwerkbau P8X suna wajen Yuro 2,000, wasu ma sun haura. A yanayin da Naira take ciki tun daga 2023, na fi ganin mutum ya sayi matsakaiciya, ya zuba rarar a ƙwayar dalma mai kyau da takardun bara da kuɗin zuwa gasa.

Alhaji Garba, Malali:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, abin da ka faɗa game da teburin gwaji gaskiya ne, amma teburi ba ya shiga gasa, mutum ne yake shiga, kuma abin da ake biya wa kuɗi a manyan bindigogi shi ne yadda suke zama a hannun mutum mai numfashi da bugun zuciya. Dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta ce nauyin kunama kada ya gaza giram 500, shi ya sa kafin gasa alƙali yakan ɗaga bakin bindigar sama ya rataya wa kunamar ƙarfe mai wannan nauyi, idan bindigar ta tashi an ƙi ta. Gwanintar maƙeri tana cikin yadda za a raba wannan giram 500 gida biyu, yatsa ya kwashe kaso mafi yawa a ja na farko, ya tsaya a wani wuri da yake ji sarai, sannan ɗan abin da ya rage ya tsinke ba tare da jan ƙafa ba. Steyr LP10 tana da wannan, tana kuma da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke komawa baya lokacin harbi ya shanye girgizar, ta yadda saiti ba ya tashi daga inda ka ajiye shi, kana iya faɗin inda harbinka ya faɗa tun kafin ka duba. AP20 ba ta da wannan na'ura. Araha ba ta ado, Malam. Shawarata ita ce a ɗauki kuɗin sabuwar AP20, a ƙara kaɗan idan ta kama, a nemi LP10 ta hannu daga ƙungiyoyin harbi na Turai.

Barista Hadiza, Barnawa:
Alhaji, a gafarce ni in shiga tsakaninku, domin ku biyun kun fara ciniki ba a yi maganar izini ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Fistol da rabolba masu harsashi suna cikin kashin da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Bindigar iska, doguwa ko gajera, tana cikin kashi na biyu tare da bindigar farauta, kuma lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Bindigar toka ce ke kashi na uku. Da yawa suna ɗaukar bindigar iska kayan wasa ce saboda ba ta da albarushi, amma doka ba ta ɗauke ta haka ba, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi. Ban da haka, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, sannan shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro kafin kwastan su saki. Wanda ya sa aka cusa masa LP10 a cikin jakar ɗan'uwa mai dawowa daga Jamus ya jefa mutum biyu cikin shari'a. Hanyar da nake ba da shawara ita ce a bi ta ƙungiyar wasan harbi mai rajista, a rubuta komai, a ajiye kayan a ma'ajiyar da hukuma ta sani.

Mubarak, Kawo:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni tambayata ita ce, tunda dai za a sha wahalar takardu, me zai hana a nemi bindiga ta gaske, ko dai mai harsashin .22 don gasar mita 25, ko irin CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek da ake gasar harbi da sauri da ita? Sannan ina goyon bayan Malam Nasiru da misalin Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda duniya ta gani a gasar Faris ta 2024 yana harbi da hannu ɗaya a aljihu, da tabaransa na kullum, yana da shekara 51, kuma ya ci azurfa a gasar haɗakar mace da namiji. Wannan ya nuna kaya ba su ne gwaninta ba.

Barista Hadiza, Barnawa:
Ƙanena, duka biyun da ka ambata suna cikin kashin farko da na yi bayani, don haka ga farar hula a Kaduna maganarsu ba ta taso ba. Garin nan yana da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Afaka, da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri tun 1964, da Kwalejin 'Yan Sanda, ga barikin Jaji a kan hanyar Zariya, amma filayen harbin waɗannan wurare na masu kaki ne, kuma kusancinmu da su bai sassauta mana doka ko kaɗan ba.

Alhaji Garba, Malali:
Mubarak ɗana, ka duba hoton nan da kyau. Abin da Dikeç ya bari shi ne gilashin saiti na musamman da marufin ido da babban abin toshe kunne, amma bindigar da ke hannunsa ta ajin farko ce, daidai da ta abokan karawarsa na Sabiya da suka ci zinariya. Sa hannu a aljihu kuwa tsohuwar al'ada ce ta masu harbin fistol, don kafaɗar da ba ta aiki ta zauna wuri ɗaya. Kuma kada ka raina bindigar iska ka ce ba ta gaske ba ce. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci maki 594 cikin 600 da ita a 2009, kuma duk wanda ya taɓa riƙe kilo guda a miƙaƙƙen hannu na fiye da awa ɗaya ya san abin da wannan adadi yake nufi.

Injiniya Yakubu, Kakuri:
Ranku ya daɗe, akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba, kuma a ganina shi ya kamata ya yanke hukunci: ina za a samu iskar? AP20 da LP10 duka suna aiki da silinda da ake cikawa har matsin iska ya kai bar 200. A Turai kowace ƙungiya tana da babbar tukunya irin ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, a nan kuwa sai dai famfon hannu na musamman, wanda da damina yake tura danshi cikin silinda idan ba shi da matatar bushewa, da hunturu kuma ƙura ta ci robobinsa. Injin mai faci ba ya kai ko kusa da wannan matsi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani ya ga tukunyar iskar oksijin a wajen mai walda ko a asibiti ya ce bari ya ɗura, domin oksijin mai matsi idan ya haɗu da ɗigon mai a cikin bindiga wuta yake kamawa nan take. Don Allah kada kowa ya gwada. Sannan Alhaji, a jikin kowace silinda akwai shekarar ƙira da aka buga, kuma a dokar gasa wadda ta wuce shekara 10 ba a karɓarta. LP10 ta hannu mai araha sau da yawa silindarta ta gama wa'adi, dole a sayi sabuwa, ita ma da nata takardun shigowa. Shi ya sa nake ganin Baikal IZH-46M ta Rasha ta fi dacewa da mu. Tana da hannun famfo a ƙarƙashin bututu, ka ja sau ɗaya ka mayar, iskar harbi ɗaya ta samu. Babu tukunya, babu wa'adi, kunamarta tana saituwa, robobinta 'yan kaɗan ne, kuma ta fi AP20 sauƙin kuɗi.

Malama Zainab, Tudun Wada:
Injiniya, maganarka ta iska na karɓe ta duka, amma IZH-46M ban karɓa ba, kuma a matsayina na mai koyar da 'yan mata da matasa nake magana. Nauyinta ya kai kusan kilo 1.3, kuma yawancinsa a gaba yake, alhali AP20 ba ta kai giram 900 ba. Doka ta yarda har giram 1,500, amma yardar doka daban, abin da wuyan hannun yarinya 'yar shekara 18 zai ɗauka daban. Ka ƙara da cewa sai ta ja famfo sau 60 ban da harbin gwaji, kowane ja yana ɗaga bugun zuciya, yana kuma sa ta sauya riƙo, ta sake neman inda tafin hannunta ya zauna. Zuwa harbi na 40 za ka ga bakin bindigar ya fara sunkuyawa, maki takwas da bakwai suna taruwa a ƙasan baƙin. Ƙotarta ma katuwa ce, sai an kai wa kafinta ya rage ta da magagari, abin da aka rage kuwa ba ya dawowa.

A nan ne na fi kusa da Malam Nasiru, ko da yake dalilina ba nasa ba ne. Barista ta nuna mana cewa bindigar za ta zama ta ƙungiya, hannaye da yawa za su riƙe ta. Ƙotar AP20 ana faɗaɗa ta ana tsuke ta, ana kuma juya ta ga bahago. Ƙotar LP10 katako ce da aka sassaƙa wa girman hannu ɗaya da ɓangare ɗaya, idan wanda ya sayar mai babban hannun dama ne, rabin ɗalibaina ba za su iya kai yatsa kan kunama daidai ba. Ƙota kamar takalmi take, wanda bai yi maka daidai ba tsadarsa ba ta hana shi cizo. Abin da nake dubawa a bindiga shi ne ta zauna a hannu, saitin baya ya yi ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya zame ba, kuma a iya ɗana kunama a yi atisayen harbi ba tare da iska ko ƙwaya ba, domin a nan ake gina yawancin gwaninta. Duka ukun suna da wannan na ƙarshe.

Malam Nasiru, Unguwar Sarki:
Malama, kin ƙarfafa ni ta inda ban tsammata ba. Injiniya kuma ina tuna masa cewa kamfanin da ke ƙera Baikal yana ƙarƙashin Kalashnikov, wanda Amurka ta sa wa takunkumi tun 2014, Turai ma haka, don haka samun sabuwa ko kayan gyaranta ta halastacciyar hanya ya yi wuya. Hämmerli kuwa a hannun Walther na Jamus take, ana ci gaba da ƙera ta, sabuwa tana zuwa da garanti da silinda mai cikakken wa'adi. Cikawa ɗaya tana ba da harbi fiye da 100, wato gasa guda har da gwaji, saboda haka famfo ɗaya mai matatar bushewa zai ishi ƙungiya. Alhaji, ina nan a kan bakana: wanda yake cin 520 ko 540, makin da yake zubarwa a saiti da yatsa yake zubar da su, na'urar shanye girgiza ba za ta dawo masa da su ba.

Alhaji Garba, Malali:
Ga bindigar ƙungiya da ta masu koyo, hujjar Malama Zainab ta fi tawa ƙarfi, ban da ja. Amma Malam Nasiru, tambayarka ta farko a kan mai shiga gasa ce, ba mai koyo kaɗai ba, kuma a ƙasar da samun takardar bindiga ɗaya yake da wannan wahala, wanda ya kai 560 ba zai iya cewa bari in sauya zuwa babba kamar yadda Bajamushe zai yi a mako guda ba. Wadda ya shigo da ita da farko ita zai tsufa da ita. Don haka idan ƙungiya za ta nemi izinin guda uku, biyu su zama AP20, ta ukun kuwa ta zama ta ajin farko, a ajiye wa wanda ya fi kowa maki.

Injiniya Yakubu, Kakuri:
Idan za a bi tsarin Alhaji, to ta ukun ma a nemi mai cikawa a bar 200, don famfo ɗaya ya yi wa duka aiki, a kuma tabbatar kowace ta zo da mahaɗin cikawarta, tunda na Steyr ba ya shiga na Hämmerli. Kafin a biya ko sisi a kan ta hannu, mai sayarwa ya turo hoton lambar bindigar da na shekarar da ke jikin silinda, a sa saitin robobi biyu a cikin odar, sannan Barista ta duba cewa lambar da ke jikin ƙarfen ita ce a kan takardar izini.