Gasket ɗin manifol na tsohon injin Chevrolet 350 ya ƙi daina yoyo

Assalamu alaikum, iyayen gidana makanikai. Ina neman shawara kan injin V8 mai kabureta, wanda aka sa wa manifol na alminiyam, wato sashen da ke kai iska da fetur daga kabureta zuwa kawunan silinda.

Baƙin mai yana tsattsafowa ta bayan manifol, kusa da distirbito. Silo ba ya zama daidai, fulogi biyu na baya kuma suna jiƙewa da baƙin mai. Na fesa man wanke kabureta a gefen manifol don in gano ko ta nan yake zuƙar iska, ƙarar injin ba ta canza ba. Shi ya sa nake zargin ta ƙasa yake zuƙar iska da baƙin mai, daga kwarin da ke tsakanin kawunan silinda biyu.

An kankare fuskokin da manifol da kawunan silinda ke haɗuwa, an wanke da tina, an sa sabon gasket. Robobin da ke toshe ƙarƙashin manifol ta gaba da baya an jefar, an zuba gam na silikon mai kaurin milimita 6 a madadinsu. An ɗaure kusoshi 12 daga tsakiya zuwa waje, a matakai, har ƙarfin ɗaurin ya kai fam-ƙafa 25, an kuma ƙara ɗaurewa bayan injin ya yi zafi ya huce.

Abin da ya fi damuna shi ne an taɓa rage kawunan silinda da kusan milimita 0.75. Ashe hakan zai sa manifol ya zauna sama da ramukan shigar iska, ko kusurwar ta karkace? Idan na aza shi ba gasket, wane giɓi ya kamata ma'auni ya nuna a sama da ƙasa? Siririn gasket zai wadatar, ko sai an rage manifol ɗin shi ma? Sannan kusoshin tsakiya, ana shafa musu gam a zare?