Ruwan Najasa, Ruwan Kwata da Dagwalo: Mu Tsayar da Sunan Kowanne

Assalamu alaikum jama'a. Kalmar da nake so mu tsayar yau ita ce wadda Turawa ke kira sewage, wato ruwan da ke fitowa daga gidaje haɗe da bayan gida, tare da sunan wurin da ake kai shi a gyara. Masu fassarar labarai da ma'aikatan lafiya da malaman makaranta, kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce ruwan datti, wancan ya ce ƙazanta, wani ya ce shara, wani kuma ya bar ta da Turancinta ya wuce. Ni abin da na tsaya a kai shi ne ruwan najasa, wurin kuma matatar ruwan najasa. Wani Malam da wata Hajiya da wani ɗan'uwa daga Maraɗi sun riga sun rubuto mini nasu ra'ayin, zan amsa musu a gaba. Ga dalilaina, mai ja ya kawo nasa.

Shara dai ba ta shigo ciki ba. Shara abin tsintsiya ce, ana kwashe ta a kai bola. Ruwan datti kuwa ya yi faɗi da yawa, don ruwan da aka wanke mota da shi ma ruwan datti ne, haka ruwan sama da ya kwaso jar ƙasa. Idan ma'aikacin lafiya ya shiga gida ya ce wa matar gida ruwan datti ya shiga rijiyarsu, za ta ɗiba ta ajiye ya kwanta, ta tsiyaye a randa, yara su sha. Idan ya ce mata najasa ce ta shiga, ko hannu ba za ta wanke da shi ba. Wannan bambancin shi ne ran yaro ko rashinsa, shi ya sa nake ɗaukar maganar da zafi.

A biranen da aka haifi kalmar, bututu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa yake kwashe duk ruwan da ya fito daga gida: na bayan gida, na wanka, na wanke-wanke. Duka su haɗu su tafi wuri guda. Landan ma ba da daɗi ta gina nata ba. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara har zuwa wani famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad, inda ruwan masai ke tsiyaya cikin rijiyar da unguwa ke sha. A zafin 1858 warin kogin Thames ya hana 'yan majalisa sakat a zaurensu da ke bakin kogin, sannan aka saki kuɗi injiniya Joseph Bazalgette ya shimfiɗa manyan magudanan da har yau ake amfani da su.

Mu a yawancin garuruwanmu ba haka tsarin yake ba, kuma dole kalmar da za mu zaɓa ta dace da lungunanmu. A wurinmu ruwan ya rabu tun daga cikin gida. Na wanka da wanke-wanke ya bi ta rariya ya faɗa kwata. Na bayan gida ya tsaya a masai ko a sokawe, sai ya cika a kira masu kwasa. Saboda haka muna da suna tun tuni ga kashi na farko, wato ruwan kwata, kuma ba na son mu taɓa shi. Wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin birni da rani ya san shi: baƙi ƙirin, yana tafiya da ƙyar, kumfa-kumfa a sama, ledojin fiya wata sun toshe bakin kwalbati, tsakin tuwo da ɓawon albasa na yawo a gefe, yara na tsallakewa da silifas a hannu.

Abin da ke mayar da ruwan kwata ya zama ruwan najasa abu ɗaya ne, shigar bayan gidan ɗan Adam cikinsa. Kuma yana shiga. Wasu gidajen suna haɗa bututun bayi da lambatu kai tsaye. Wasu suna jiran ruwan sama ya kece da dare su buɗe sokawe ya tafi da abin. Masai da aka haƙa kusa da rijiya ba ya buƙatar kowa ya buɗe shi, ƙasa ce ke kai saƙon. Idan damina ta yi ƙarfi, duka su cakuɗe. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,600, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su ne a kan gaba wajen yawan waɗanda suka kamu. Amai da gudawa irin wannan ba daga kumfar sabulu yake zuwa ba.

Malam, na ga abin da ka rubuto cewa a ce dagwalo a huta, tunda gidajen rediyo sun saba da shi. Allah ya ƙara sani, kalma ce mai kyau, amma ta riga ta sami aikinta. Da an ce dagwalon masana'antu kowa ya san abin da ake nufi, kuma a Kano muna buƙatar ta sosai a can. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin jima na zamani a Sharaɗa da Challawa da Bompai da sinadarin kuromiyam suke aiki, ga masu rini da sauransu. Abin da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da kogin Jakara, wadda ita kuma ta kwaso ruwan gidajen birni da na mayanka, su gangara tare har madatsar Wasai. A bakin wannan ruwan ne masu lambu ke kafa injin ban ruwa, suna shayar da latas da kabeji da alayyafo da za a kai kasuwa da safe.

To kun ga a kogi ɗaya an sami guba iri biyu, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Ruwan najasa yana kwantar da mutum cikin kwanaki ko makonni, da kwalara ko taifot ko tsutsar ciki, kuma tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cutar. Dagwalo yana taruwa a ƙasa da ganye da jiki shekara da shekaru, kuma ko ka kwana kana tafasa ruwa ƙarfen da ke cikinsa ba zai tafi ba. Wanda za a tuhuma ma daban. Na farko hakkin mai gida ne da hukumar gari. Na biyu hakkin mai kamfani ne, kuma hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan masana'antun fata da masaƙu. Idan muka yi musu suna ɗaya, mun ba mai kamfani wurin ɓuya a bayan talakan da ba shi da masai.

Hajiya, gyaranki ya fi kowanne nauyi, shi ya sa na bar shi sai yanzu. Kin ce najasa kalmar fiƙihu ce, kuma abin da muka karanta a zaure shi ne ruwa ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sāke. Saboda haka wani zai dubi ruwa garai-garai ba wari ya ce ai babu najasa a ciki, alhali yana ɗauke da kwalara. Gaskiya kika faɗa, wannan haɗarin yana nan. Amma hukuncin da malamai suka yi na alwala da wanka ne, kuma yana nan daram a wurinsa. Tambayar likita daban ce: shin ana iya sha? Sannan kalmar ta daɗe da fitowa daga zaure. A asibiti, a gida, a gaban surukai, idan ana kunyar a ce kashi, najasa ake cewa. Da muka ce ruwan najasa, muna nufin ruwan da abin ya shiga, ko ido ya gani ko bai gani ba. Aikin ma'aikacin lafiya ne ya ƙara wannan jimlar duk inda ya tsaya.

Gyaran naki ne kuma ya sa na ƙi yarda da tsarkakewa a sunan aikin da ake yi wa ruwan. Injiniya ba shi da hurumin cewa ruwa ya tsarkaka, wannan na malamai ne. Magani ma bai yi ba, ba majinyaci ba ne. Sarrafawa kuwa kalma ce da muke jefawa duk inda muka rasa abin faɗa, a sarrafa shinkafa, a sarrafa kwamfuta, a sarrafa mutane.

Bari in faɗi abin da ake yi a wurin, sai ku auna ko matata ta dace. Ruwan na isowa sai ya bi ta tsakanin sandunan ƙarfe da ke tare leda da tsumma da itace. Daga nan a rage masa gudu, yashi da tsakuwa su zauna. Sai a shigar da shi manyan kwatarniyoyin siminti ya tsaya shiru, mai nauyi ya kwanta ƙasa kamar yadda kamu ke kwanciya a tsiyaye ruwan da ke samansa, maiƙo kuma ya taso a yaɓe shi. Babban aikin yana gaba. Akwai wani tafki da ake hura wa iska ba dare ba rana, ruwan launin ƙasa-ƙasa yana ta ɓulɓula, kuma a ciki ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cinye ƙazantar. Wannan dabarar wasu masana biyu ne, Ardern da Lockett, suka fito da ita a Manchester a 1914. Bayan nan a sake kwantar da shi, a kashe ragowar ƙwayoyin cuta, a sake shi kogi. Irin wannan wurin muna da shi a Wupa, a Abuja. Kuma a nan ma ana ganin dalilin raba suna, don idan dagwalo mai guba ya shigo da yawa, yana kashe halittun da ke yin aikin, matatar ta tsaya.

Na san tacewa a bakin Bahaushe da rariya ko ƙyalle ake yi, kuma abin da na lissafa ya wuce haka. Amma matatar mai ta Kaduna ma ba da ƙyalle take aiki ba, kuma babu wanda ya taɓa ruɗewa. Kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar wurin da ake raba abu da abin da ba a so a cikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: a faɗi sunan a cike. Matatar ruwa kawai, irin ta Tamburawa a Kano, ta ruwan sha ce. Kada a gajarta a ce matatar najasa, kuma kada a bar mai sauraro ya zaci abin da ya fito daga matatar ruwan najasa na zubawa a randa ne. Ya isa a sake shi kogi ko a yi ban ruwa da shi idan an gwada, iyakarsa ke nan.

Ɗan'uwa daga Maraɗi, na gode da tunatarwar cewa a wajenku ruwan datti ake cewa. A Nijar kalmar Faransanci da ake fassarawa tana haɗa duk ruwan da aka gama amfani da shi ne, shi ya sa kuke jin ruwan datti a rediyo. Amma abin da kwarin Gunti Yena ke zubawa a kogin Kwara a tsakiyar Yamai irin abin da Jakara ke ɗauka ne, kuma rabuwar nan uku, ruwan kwata da ruwan najasa da dagwalo, za ta yi muku aiki kamar yadda za ta yi mana.

Saura abu ɗaya da ke kwantawa a ƙasan kwatarniyar, da wanda motar kwasar masai ke zuƙowa. Wannan ba ruwa ba ne sosai, kuma shi ne ke fitar da iskar da ke sumar da masu shiga rami su yi yasa, har wani ya shiga ceto shi ma ya tafi. Ina ba da shawarar guiɓin najasa, tunda guiɓi shi ne abin da ke zama a ƙasan ruwa. Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, da musamman masu sana'ar kwasar da kansu, idan akwai sunan da kuke kiransa da shi a bakin aiki ku kawo, naku za a fara dubawa kafin nawa.