Shawarwarin da suka fito daga wata zantawa a Tawa kan mulkin jam'iyyar PNDS-Tarayya

Malaman makaranta da ƴan kasuwar da suka zauna a Tawa, a Jamhuriyar Nijar, don waiwayar mulkin jam'iyyar PNDS-Tarayya, daga 2011 zuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun fi tsayawa a kan dalilin da ya sa jam'iyyar da ta yi kirarin gurguzu ta rasa zukatan talakawa, har a jihar Tawa da ta haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, jagoran jam'iyyar.

Shawarar da ta fi nauyi ta shafi haraji. Sun tuna dokar kasafin kuɗin 2018 wadda ta fito da jama'a kan titunan Yamai, da yadda aka tsare jagororin ƙungiyoyin farar hula maimakon a saurare su, suka ce duk mai mulki ya fara zama da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago kafin ya ɗora wa mutane sabon nauyi. Ina ganin sun yi gaskiya, domin talaka yakan haƙura da haraji idan yana ganin amfaninsa a asibiti da makaranta.

Sun kuma nemi binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, irin wanda ya ɓulla a 2020, ya riƙa kaiwa ga hukunci a fili, musamman da yake mutanen jihar ba su manta da kisan da ƴan bindiga suka yi wa fararen hula a yankin Tiliya na jihar a Maris 2021 ba. Malaman kwantiragi kuwa buƙatarsu ɗaya ce, a biya su a kan kari.